Jan Farce a Gindin Harsashi

Aikina haɗa magani ne. Na yi shekara goma sha huɗu a bayan kantar wani kemis a Tottenham, ina ƙirga ƙwayoyi, ina liƙa takarda a jikin kwalabe, ina gaya wa mutane su sha bayan sun ci abinci. Gidanmu yana Edmonton, bas ɗaya ce ke kai ni ta dawo da ni. Da a wancan lokacin wani ya ce min watarana zan ajiye bindiga a gidana, da lasisi, har ni zan riƙa ɗura mata harsashi da hannuna, da na tambaye shi wane magani yake sha in duba ko an yi masa kuskure.

Wanda ya ja ni cikin harkar wani dattijon Bature ne da ke zuwa karɓar maganin hawan jini duk wata. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, girarsa fara fat kuma mai kauri. Ya yi rayuwarsa yana sassaƙa ƙarfe a wata masana'anta kafin ya yi ritaya, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna nesa. Tun farkon saninmu nake ce masa Baba. Da ya tambayi ma'anar kalmar na gaya masa, ya ce ya karɓa, ai ya fi sunansa daɗi.

Wata ranar Laraba ya tarar ina auna wani gari a kan sikeli, don likita ya rubuta wani man shafawa da sai an haɗa shi da hannu, abin da ba kasafai ake yi ba yanzu. Ya tsaya yana kallona har na gama. Sannan ya ɗago nasa hannun ya nuna min yadda yake ɗan rawa, ya ce shekara biyu ke nan awo yana ba shi wahala, ko zan iya zuwa gidansa ranar Asabar in taya shi? Na ce awon me?

"Albarushi," in ji shi.

Bai ko rage murya ba. Akwai mutum huɗu a layi a bayansa, ni kuma ga ni da gemu da tabon salla a goshi, a tsakiyar London. Ya ga yadda fuskata ta yi, sai ya yi dariya ya shiga bayani. Ashe ɗan wata ƙungiyar masu harbin takarda ne, tun yana saurayi. Suna zuwa wani fili a Surrey, su kwanta a ƙasa su harbi allo daga nesa, a ƙirga maki. Komai da izinin hukuma, in ji shi, kuma harsashin da yake harbawa shi yake ɗura abinsa a ɗan ɗakin katako da ke ƙarshen lambunsa.

Na ce masa zan yi tunani. Duk Bahaushe ya san abin da hakan ke nufi, amma Baba ba Bahaushe ba ne. Bayan mako ɗaya ya dawo ba ranar karɓar maganinsa ba, ya tambaye ni ko na gama tunanin. Ya ce ƙungiyarsu tana da ranar baƙi a ƙarshen wata, har ya sa an rubuta sunana.

Da na gaya wa uwargida, tana tsaye tana yanka albasa, ba ta ko waiwayo ba. Ta ce mutane suna zuwa London su tara digiri, ni kuma na zo in zama maharbi, Allah ya sa dai a riƙa kawo mata zabo. Malamar firamare ce, ta saba da yaran da ke zuwa mata da zance iri-iri, kuma a irin muryar da take amsa musu ta amsa min.

Na je ranar baƙin. Ana yayyafi, ciyawa jiƙe, aka shimfiɗa min tabarmar roba aka toshe min kunnuwa. Allon yana can yadi ɗari uku, baƙin da ke tsakiyarsa bai fi ƙwayar magani ba a idona. Baba ya durƙusa kusa da ni ya ce in ja numfashi, in saki rabi, in matsa kunamar bindigar da yatsa a hankali kamar ba na son ta ji. Harbin farko ban san inda ya tafi ba. Na biyar ya shiga baƙi. Abin da ya kama ni ba ƙarar ba ce, shirun da ke zuwa kafin ƙarar ne, lokacin da mutum ba ya tunanin layin kemis, ko wasiƙar harajin ƙaramar hukuma, ko wayar gida da ke jiran amsa. A mota muna dawowa na ji bakina yana tambayar yadda ake shiga ƙungiyar.

Shiga ba wuya, lasisi ne aiki. Na yi wata shida ina zuwa a matsayin ɗan gwaji, ina harbi da bindigar ƙungiya, ana rubuta duk zuwana. Bayan nan na cike takardu, likitana ya rubuta cewa kaina ƙalau, aka ce in kawo mutum biyu da za su tsaya min. Ɗaya mai kemis ɗinmu ce. Ɗayan abokina ne, likita ɗan Zariya da ke zaune a Woolwich. Na hau jirgin ƙasa takanas na je na same shi. Ya karanta takardar sau biyu, ya cire tabarau, ya ce zai sa hannu saboda zumunci, amma ranar da ya ga hotona a labarai zai ce bai taɓa ganina ba.

Sai wata jami'ar 'yan sanda ta zo gida. Ta jijjiga akwatin ƙarfen da na ɗaure a bango da ƙusoshi, ta yi min tambayoyi kusan awa guda, sannan ta ce tana son magana da uwargida su kaɗai. Na koma falo ina jin muryoyinsu daga kicin, can sai na ji dariya. Daga baya na samu labari an tambaye ta ko ina da zafin rai, ta ce sai dai in an canza min tasha a rediyo. Kafin jami'ar ta tafi ta ja kunnenmu a kan abu ɗaya: makullin akwatin, ba wanda zai san inda yake sai ni, har uwargida. Uwargida ta ce shekara goma sha tara ita ke nemo min makullin mota da katin bas da hular sanyi, to wannan karon in na ɓatar, ni da Allah. Jami'ar ta fita da robar cincin a jakarta.

A nan ne ainihin abin da Baba yake so ya fito. Bindigarsa tsohuwa ce ta sojojin Sweden, doguwa, katakonta ya yi duhu saboda hannu, kuma shekarar da aka buga a jikinta ta girmi haihuwar mahaifinsa. Harsashinta shi ma tsohon yayi ne, a ƙungiya ana ce masa shida da rabi saboda faɗinsa milimita shida da rabi ne. Baba yana son harsashin nan kamar ɗan cikinsa. Ya ce siririn kansa mai tsawo yana ratsa iska yadda da yawa daga cikin na zamani ba sa yi, amma an daɗe ana tauye shi. Kamfanonin da ke ɗura shi suna rage masa ƙarfi da gangan, don sun san akwai tsofaffin bindigogi irin tasa a hannun mutane, kuma ƙarfen zamanin da ba ya ɗaukar matsin da na yanzu ke ɗauka. Na ce na gane, kamar maganin da aka rage saboda tsofaffi ne ake ba saurayi majiyi ƙarfi. Ya buga tebur ya ce shi ya sa yake son mai kemis.

Abin da ya daɗe yana so ya gani shi ne yadda harsashin zai yi idan aka ɗura shi yadda ya kamata, aka sa shi a sabuwar bindiga mai ƙarfin sakata, wato ƙarfen da ke kulle harsashi a ciki. Shi dai a shekarunsa ba zai sayi sabuwa ba. Ni kuwa ba ni da ko ɗaya. Don haka da lasisina ya fito, na sayi bindigar zamani mai cin irin harsashin nan, baƙa, mara ado, wadda Baba ya ce ba ta da kyau ko kaɗan amma sakatarta kamar ƙofar banki.

Ɗakin katakon nasa ƙarami ne, mutum biyu in sun shiga sai ɗaya ya karkace. Yana warin mai da tsohon katako. Akwai benci, da injin matsawa mai hannu a ɗaure a gefensa, da sikeli ƙarami a cikin gilashi, da kwanson harsashi na tagulla jere a kan allo mai ramuka kamar na dara. Kafin ya bar ni in taɓa komai sai da ya karanta min dokokinsa. Ba a shiga da shayi, ba a shiga da waya, ba a magana idan ana awo. Gwangwanin albarushi ɗaya tak ke zama a kan benci, in za a ɗauko wani sai an mayar da na farko. Sannan ya buɗe wani littafi mai kauri ya nuna min shafin harsashinmu. Jadawali biyu ne a ciki, ɗaya na tsofaffin bindigogi, ɗaya na sababbi. Ya ce nasa ne na sama, nawa ne na ƙasa, kuma ko a nawan daga ƙaramin awo za mu fara, mu riƙa hawa da kaɗan kaɗan, ba kuma za mu taɓa wuce inda littafi ya tsaya ba.

Ban yi masa gardama ba, don ina da dalilina. Ina yaro akwai wani kawuna a ƙauyenmu ta wajen Birnin Kudu, maharbi ne mai bindigar adaka. Da tafin hannu yake auna albarushinsa, in ya ji ranar babban nama zai nema sai ya ƙara. Ranar da bindigar ta tsage ta tafi da yatsunsa biyu. Ya rayu har ya tsufa, yana cin tuwo da ukun da suka rage, yana ba mu labarin yana dariya, amma ni ban taɓa mantawa da kamannin hannun ba. Na ba Baba labarin. Ya ce ƙarfe ɗaya ne a ko'ina, yana haƙuri yana haƙuri, ranar da ya gaji ba ya sallama.

Muka fara. Kowace Asabar bayan azahar ina can. Shi yake gyara kwanson, ya wanke, ya matse, ya auna tsawonsu, ya sa musu ɗan maɓallin gindi wanda ke tayar da wuta, don wannan aikin hannunsa ya san shi ko da yana rawa. Ni nake awo. Ina zuba garin a hankali har allurar sikeli ta tsaya cak, in juye a kwanso, in matsar da shi zuwa ɗaya gefen allon don kada a zuba masa sau biyu. In mun gama jere, sai Baba ya haska tocila mu leƙa cikin kowanne mu ga tsayin garin daidai yake. Mun yi awo mataki takwas, daga ƙarami zuwa babba, kowane mataki harsashi biyar, kowane biyar da takardarsu. Gaskiya aikin ya yi min daɗi fiye da yadda na zata. A kemis ina auna wa mutane ne su tafi, ba na ganin ƙarshen abin. A nan kuwa abin da na auna ranar Asabar, Asabar ta gaba zan ga raminsa a takarda.

Gwajin ya ɗauke mu makonni, don Baba ba ya yarda a harba fiye da mataki biyu a rana. Yana da wata 'yar na'ura mai auna gudun harsashi, yana rubuta lambar a littafinsa. Duk kwanson da ya fito sai ya ɗauka ya juya gindinsa ya duba da gilashin ƙara girma, ya tambaye ni yadda sakata ta buɗe, da sauƙi ko da tauri. Mataki na ɗaya da na biyu ba su fi na kanti ba. Na uku ya ɗan matse. A na huɗu, da aka sauko da allon, ramuka biyar ɗin sun haɗe wuri ɗaya, kwabon pence hamsin ya rufe su ruf. Baba ya cire hularsa ya sake sawa. Ya yanke takardar ya ba ni, uwargida ta liƙa ta a jikin firij kusa da zanen ɗalibanta.

Da na tsaya a nan da shi ke nan. Amma lambar gudun tana hawa da kowane mataki, ni kuma idona ya koma kan lambar. Na ce ai akwai sauran mataki huɗu a akwati, kuma duk suna ƙasa da iyakar littafi. Baba ya ce to mu gani. Na biyar ya fi gudu, ramukan suka ɗan buɗe, na ce iska ce. Ranar da muka kai na shida ana zafi, irin zafin London da ke sa Turawa su cire riga a bakin titi. Na harba ɗaya, na kama sakata zan ɗaga, ta ƙi. Sai da na sa ƙarfi ta buɗe. Baba ya ɗauki kwanson tun yana da zafi, ya duba, ya miƙo min gilashin. Maɓallin gindin da ya kamata ya kasance da 'yar da'ira a gefensa ya baje sumul, ga kuma wani ɗan tabo mai sheƙi a kan tagullar. Ya rufe akwatin ya ce an gama.

Na ce masa ai littafi ya yarda da sauran mataki biyu.

"Littafin ya yarda," in ji shi. "Bindigarka ce ba ta karanta littafin ba."

Na yi fushi a ranar, ba zan ɓoye ba. Asabar ta gaba ya sa ni na zauna na warware sauran harsasan goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya, na zare kawunansu na juye garin, yana gefe yana fito da baki. Kwaɗayi mabuɗin wahala, na faɗa masa da Hausa na fassara, ya ce in rubuta masa zai manna a bango. Muka koma mataki na huɗu muka zauna a kai. Ko a hakan ya fi na kanti gudu nesa ba kusa ba, kuma da muka koma harbin yadi ɗari shida na ga amfanin abin: iskar da ke kwashe harsashin Baba ta kai shi gefe, nawa ɗan ture shi kawai take yi.

Abin da ban yi tunaninsa sosai ba shi ne yanzu muna da harsashi iri biyu masu kama ɗaya. Tsawo ɗaya, tagulla ɗaya, kai ɗaya. Nasa mai sauƙi ne, nawa mai ƙarfi, kuma nawa yana shiga tsohuwar bindigarsa lafiya lau kamar don ita aka yi shi. Akwatunanmu ma iri ɗaya ne, korayen roba, don shi ya ba ni nawa daga cikin nasa. Takardar da ke kan murfi ce kawai ta raba su.

Wata Asabar a watan Oktoba muka je fili, Baba ya manta tabaran karatunsa a gida. Ya ce ba komai, allo yake son gani ba jarida ba. Shi ya fara kwanciya, ni ina zaune a bayansa da madubin hange zan riƙa gaya masa inda harbinsa ya faɗa. Jakunkunanmu suna jere a tsakaninmu. Ya miƙa hannu ya jawo akwati, ya buɗe, ya ɗauki ɗaya ya tura sakata ta rufe. Ni kuwa akwai wata ɗabi'a da aiki ya dasa min, ba na iya ganin takarda a jikin abu ban karanta ba, ko kwalbar ruwa ce. Idona ya sauka a kan murfin da ke kife a ciyawa. Rubutuna ne.

"Baba, tsaya. Cire yatsanka. Buɗe sakata."

Shekara hamsin na horo ba wasa ba ne. Bai tambayi dalili ba, bai waiwayo ba, ya cire yatsa ya buɗe, harsashin ya faɗo a kan tabarma. Na ɗauki murfin na kai masa kusa da ido. Ya daɗe yana kallonsa. Fuskarsa da sanyi ya mayar ja ta koma fara. Mai kula da fili ya zo ya tambayi abin da ya faru, Baba da bakinsa ya gaya masa, bai rage komai ba. Wasu a ƙungiya suka ce wataƙila harsashi ɗaya ba zai fasa ta ba, ai bindigogin nan suna da ƙwari. Baba ya ce ba a awon albarushi da kalmar wataƙila. Ya naɗe tabarmarsa, ranar bai harba ko ɗaya ba.

A hanya ya ce min ya gama. Mutumin da ya kasa bambanta akwatinsa da na wani ba shi da hurumin kwanciya a layin harbi, zai sayar da bindigar ya mayar da lasisi. Na yi ta ba shi baki har muka isa. Na sauke shi a ƙofar gidansa, ya shiga bai ce sai Asabar ba.

Da na ba uwargida labari, na zata za ta ce dama ta faɗa. Sai ta tambaye ni kalar akwatunan. Na ce kore. Duka biyun? Na ce duka. Ta ce to laifin tsoho a ina yake a nan? Ita a kicin ɗinta gishiri da sukari ba sa zama a roba iri ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa rasa yatsa saboda shayi mai gishiri. Ta ce mai kemis guda, mai yi wa mutane wa'azin rigakafi ya fi magani, ya zuba abu biyu masu haɗari a mazubi iri ɗaya ya dogara da idon ɗan shekara saba'in da tara. Ta shiga ɗaki ta fito da wata kwalbar jan farce da abokan aikinta suka ba ta kyauta a ƙarshen shekara, wadda ba ta taɓa buɗewa ba saboda alwala.

Washegari Lahadi ta dafa shinkafa da miyar taushe ta ce in ɗauko mota. Wannan ne zuwanta na farko gidan Baba. Ya buɗe ƙofa da rigar barci da rana tsaka, ya ga mace, ya rikice ya koma ya ɗora kwat a kan rigar. Ta gaishe shi har da ɗan rusunawa yadda za ta gaida surukinta, ta wuce kicin ɗinsa kamar ta saba, ta nemo faranti. Sai da ya ci ya ƙoshi, yana share gumin barkono, sannan ta ajiye kwalbar a gabansa tare da sababbin akwatuna biyu jajaye da muka tsaya muka saya a hanya.

"Baba, tuntuɓe kuka yi, ba faɗuwa ba," in ji ta. "Daga yau duk abin da ya yi ja na mijina ne, ba ruwanku da shi. Ko ba tabarau ai kuna ganin ja."

Ya ɗauki kwalbar yana juyawa. Ya ce matarsa ma irin wannan kalar take sawa. Can ya miƙe ya tafi ɗakin katako ya dawo da kwanson nawa waɗanda ba a ɗura ba, don ɗurarre doka ba ta yarda uwargida ta taɓa ba. Muka baje jarida a kan teburin cin abinci. Ni ina miƙawa, ita tana zagaye gindin kowanne da siririn burushin, Baba yana jera su a allo su bushe, yana gyara mata in ta sa da yawa. Kicin ɗin ya cika da warin jan farce da na daddawa. Kafin mu tashi ta ciro igiyar katin shaidarta na makaranta ta ɗaure masa tabaransa da ita, ta rataya masa a wuya. Maganar sayar da bindiga ba ta sake tasowa ba. Abin da ya ƙara shi ne sabuwar doka: jakarsa a dama, tawa a hagu, kuma kafin kowannenmu ya kwanta sai ɗayan ya karanta masa takardar akwatinsa da ƙarfi, yadda ake yi a asibiti kafin a ba da allura.

'Yan ƙungiya sun yi min tsiya ba kaɗan ba. Wani tsohon direban tasi ya ce harsasaina sun fi matarsa kwalliya. Amma kafin ƙarshen shekara na ga mutum biyu masu tsohuwa da sabuwar bindiga sun zo da gindin nasu harsasan a shafe, ɗaya shuɗi, ɗaya wani ruwan hoda mai ƙyalli da ya ce na jikarsa ne.

A watan Disamba aka yi gasar ƙungiya ta yadi ɗari shida. Sanyi kamar ya tsaga ƙashi, amma iska ta kwanta, tutocin fili ko motsi ba sa yi. Na shiga da baƙar bindigata da jajayen harsasaina, ina ji a raina yau ce ranar da aikinmu zai nuna kansa. Na yi harbi mai kyau, mafi kyau da na taɓa yi, sai dai a na goma sha biyu yatsana ya daskare na fizgi kunama, ya fita daga baƙi. Da aka liƙa sakamako na zo na bakwai. Baba, da bindigar da ta girmi mahaifinsa da harsashinsa mai sauƙi, ya zo na huɗu.

Muka koma mota muka kunna hita, na buɗe robar dambun naman da uwargida ta haɗo mu da shi. Baba yana ci da cokalin shayi, yana ƙoƙarin ɓoye murmushi ya kasa. Ya ce kada in damu, ranar da babu iska ƙarin gudun ba ya amfana wa kowa komai, in jira watan Maris in ga yadda zan bar shi a baya. Sannan ya ciro littafinsa, ya sa tabarau, ya fara nuna min wani abu da ya daɗe yana tunani game da zurfin da muke zaunar da kan harsashi a cikin kwanso, wanda yake ganin in muka gyara shi da ɗan kaɗan ramukan za su ƙara matsewa. Na ce masa sai dai bayan azumi. Ya ce ya duba kalanda tun tuni, ya san ranar.